Man da Na Ɗiga wa Ƙahon Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka, da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da juriyar aiki, ya raya mana yaran, ya sa mu gana cikin alheri. Mu nan muna nan yadda ka sani. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har bakin titi take takawa yanzu, sai dai kada wanda ya kuskura ya ce mata ta rame. Gwaggo ta zo ta yi mana kwana tara, ta sauya wa kowace tukunya mazauni a kicin, ta tafi ta bar mu muna neman murafe. Ni kuma na koma ofis rabin yini, ina buga takardun mutane da safe, in dawo gida da azahar in karɓi Umma a ɗakin Baba.

Duk sa'ad da ka bugo waya ka tambayi jikinsa, ka san amsata: da sauƙi. Bakina ne ya saba, yana faɗa tun kafin in yi tunani. Shi ya sa yau na ɗauki biro. Akwai abin da na yi wa Baba, kuma ba zan iya faɗa maka shi Umma na tsaye a kaina tana jiran in miƙa mata wayar ba.

Yau wata huɗu da kwana goma ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ba ta dawo ba. Yana jin komai, da ido da hannun hagu yake ba da umarni, kuma ka san idon Baba bai taɓa neman tafinta ba. Malamar asibitin da ke zuwa motsa masa hannu Litinin da Alhamis ta gaya mana tun farko, ba ɓoye-ɓoye, cewa wata shidan farko su ne na aiki. Abin da hannu ya dawo da shi a cikinsu ya dawo, abin da ya wuce su kuma sai a hankali, in ma ya zo. Ta ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Sau uku ina zaro ta daga ƙarƙashin gado da tsintsiya, a na huɗu ya wurga ta ta taga da hagu. Sai malamar ta tambaye ni ko akwai wani abu da hannun nan ya sani tun yana da lafiya. Na ce mata mutumin nan shekara talatin da shida ya yi yana busa ƙaho a ƙungiyar badujala kafin ya yi ritaya, yatsun nan uku ko barci yake yi motsi suke a kan bargo. Ta ce to me muke jira.

Na hau kujera na sauko da akwatin daga saman kabad. Ƙahon yana nan kwance cikin jan ƙyallensa, sai dai bawul ukun da ake dannawa sun cije, da ƙyar suke sauka. Kwalbar mansa tana lungunta, amma murfin ya tsage, ta bushe ƙayau. To, ka san gidanmu. Ƙofa ta yi ƙara, man girki. Kwaɗo ya ƙi buɗuwa, man girki. Almakashin Umma ya yi tsatsa, man girki. Ban tsaya tunanin komai ba, na kai shi kicin, na kwance bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya, na ɗiga musu man girki da bakin ƙaramin cokali na mayar. Suka riƙa sauka sumul. Har na yaba wa kaina.

Muka jingina Baba da matasai, ya riƙe ƙahon da hagu, na ɗaga masa hannun dama na jera yatsun a kan mazauninsu. Busawa babu ita, leɓensa ya karkace, iska ta gefe take fita. Dannawa kawai ake nema. Ranar farko ba abin da ya motsa. Rana ta uku manuniya ta sauka. Kafin mako ya zagayo yatsan tsakiya yana kai nasa har ƙasa, a hankali dai, na ukun kuma yana zuwa rabi. Yaya, da ka ji gidan a kwanakin nan. Umma kashe rediyo take yi ta zauna a bakin ƙofa don ta ji wannan ɗan ƙas-ƙas ɗin. Baba ya koma cinye abincinsa, har aski ya nema.

Wajen mako biyu aka yi haka. Sai na ga bawul na tsakiya ya fara jinkirin tasowa, na ɗauka gajiya ce irin tasa. Wata Laraba da hantsi ya danna, abin ya ƙi sauka. Ya sake dannawa har jijiyar wuyansa ta fito, ko gezau. Abin da ba zan manta ba shi ne inda ya kalla. Bai kalli ƙahon ba, yatsansa ya kalla. Mutumin da kullum safiya sai ya shafa wa bawul mai kafin ya sha shayi, tun da yake bai taɓa ganin ƙahonsa ya liƙe ba, ina zai zargi ƙaho? Ya ture shi gefe, ya ɗauki hannun daman da na hagu ya cusa ƙarƙashin bargo, ya juya fuska bango.

Da na zo mayar da ƙahon akwati, sai na danna bawul ɗin da nawa yatsan. Bai sauka ba. Na ƙara ƙarfi, bai sauka ba. Na kwance murfin na leƙa, man ya koma wani danƙo rawaya yana warin tsohon kasko. Nan take na gane komai. Ka san abin da na yi? Na rufe akwatin, na mayar saman kabad, na je na ɗora ruwa. Kwana goma sha tara ban faɗa wa kowa ba.

Na san za ka tambaye ni dalili, ni ma na tambayi kaina. Da tsoron faɗan Baba ne, da na ce maka tsoro ne, da kunya ce, da na ce kunya. Ban ji ko ɗaya ba. Tun ranar da aka kwantar da shi wani abu ya mutu mini a ciki, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina wanke shi, ina juya shi, ina sauya zanen gado, ina buga takardu, ina ce maka da sauƙi. Kullum in na shiga ɗakin sai in ce yau zan faɗa, sai in ga ai ga magani za a ba shi, ga wanki a jiƙe, sai gobe. Ba ɓoyewa nake yi ba, ɗaga bakin ne ya yi mini nauyi. Shi kuwa ya daina ba malamar hannunsa. In ta kama sai ya sakar mata shi kamar tsumma, idonsa na kan silin.

Ranar da kwana goma sha taran suka cika, malamar ta zaro hannun daga bargo ta buɗe tafin. Yatsun sun koma sun dunƙule, da ƙyar ta miƙar da su. Ta tambaya me ya faru da aikin ƙahon da ake ta samun ci gaba. Umma ta ba ta amsa cewa yatsan tsakiya ne ya mutu, Allah ya karɓi abinsa, shi ya sa maigidan ya karaya. Ina tsaye riƙe da kwanon ruwa ina jin su. Da na raka malamar bakin ƙofa ta ce mini in aka bar hannun nan haka, nan da wata biyu ko cokali ba zai riƙe ba. Washegari ban je ofis ba, na ɗauki akwatin na shiga mota.

Kana tune da Saje, abokin Baba mai busa ƙaton ƙahon nan da ake ratayawa a kafaɗa? Wanda har ya yi ritaya bai wuce kofur ba, amma kowa Saje yake ce masa? Yana nan da ransa, haƙora biyu suka rage masa a sama. Yana zaune a wani ɗan ɗaki bayan garejin ɗansa, yana gyara wa makarantu kayan busa. Teburinsa cike da gwangwanayen madara, kowanne da irin ƙananan ƙarafan da ke ciki. Ya ja bawul na tsakiya da ƙyar ya fitar, ya kai hanci, ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni ko soya ƙahon na yi niyyar yi, in haka ne ina albasar. Ban yi dariya ba. Na ba shi labari tun daga farko, ya juya bawul ɗin a hannu, sannan ya ce shi ba zai wanke ba. Hannun da ya ɓata shi zai gyara, shi nasa ido.

Ya sa na cika baho da ruwa mai ɗumi, ya tsoma gwiwar hannu ya ce in sirka, ruwan zafi yana ɗaye wa ƙaho fata. Sabulun wanke-wanke kaɗan. Muka zare duk lanƙwasassun bututun da ke zaruwa, muka jera a kan tawul bisa tsarin da suka fito. Bawul kuma ba a tsoma shi duka, akwai ɗan zoben ulu a samansa da ba ya son ruwa, don haka a kofi aka tsayar da su, ruwa iya wuya. Ya ba ni wani dogon buroshi mai lanƙwasa na riƙa turawa cikin bututun, abin da ya fito ba zan rubuta maka shi ba. Danƙon nan sai da na wanke shi sau huɗu. Da na gaji na tambaye shi ko in ɗan goga da soson ƙarfe, ya dafe ƙirji ya ce ashe ban gama kashe abokinsa ba. Abin da aka kankare daga jikin bawul ba ya dawowa, in ji shi, tsumma mai laushi kawai, wanda ba ya barin zare.

Muna jiran su bushe ya yi mini bayanin mai. Ya ce mutane suna shiga shago su ce a ba su man bawul, kamar duk ɗaya ne. Sabon ƙaho bawul ɗinsa a matse yake, mai tsinkakke yake so, mai kama da ruwa. Tsoho kuwa ya sha gugar shekaru, an samu 'yar tazara tsakanin bawul da gidansa, in ka sa masa tsinkakke zuba zai yi ya bar shi a bushe, iska kuma ta riƙa zurarewa. Irinsa mai kauri yake so, ya cike gurbin. Ya ce akwai yadda ake ganewa: ka zare ƙaramin bututu ba tare da ka danna bawul ba, in ya yi ƙara kamar an buɗe kwalba, da sauran ƙuruciya. Na Baba, in ji shi, tun shekara goma da suka wuce huci kawai yake yi. Kuma kada in taɓa haɗa mai iri biyu, in zan sauya sai na wanke tas.

Ya tura ni wani shagon kayan kiɗa a bayan tasha. Mai shagon ya jera mini kwalabe uku a kan gilashi, ya dage sai in ɗauki wani fari ƙal, wai shi ake yayi, shi duk masu busa suke saye. Na ce na tsohon ƙaho nake so, mai kauri. Ya ce Hajiya ai wannan ba ya tafiya, ya kusa shekara a kanta. Na ce shi ɗin. Na karkata kwalbar na ga yana gangarowa a hankali, na sa a jaka.

Da na dawo na ɗiga uku-uku yadda Saje ya ce, na juya kowanne har ya yi ƙas ya zauna, na ɗaure. Ya ce in busa. Na busa, kumatuna suka cika, kunnuwana suka toshe, iska ko kaɗan ba ta wuce ba. Tsohon nan ya yi dariya har da tari. Ashe kowane bawul da lambarsa a jiki, ɗaya, biyu, uku, ni kuma na sa na biyu a gidan na uku. Na sake kwancewa na gyara. Ya karɓa ya busa wani ɗan gajeren sauti, ya tsaya, ya goge bakin ƙahon da gefen rigarsa ya miƙo mini. Ya ce in gaida abokinsa, shi ba zai iya zuwa ya gan shi a kwance ba.

Da la'asar na shiga wurin Baba, Umma ta fita. Na zauna a bakin gado na faɗa masa duka, da cokalin, da danƙon, da kwana goma sha tara. Muryata kamar ina karanta takardar ofis. Na ce masa ba yatsansa ba ne, ni ce. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙo hagu ya danna bawul na tsakiya, ya sauka, ya taso. Ya sake, ya sake. Ya kai hanci ya shinshina man, ya ɗan gyaɗa kai. Da kansa ya jawo hannun daman daga bargo, na miƙar masa da yatsun na jera. Manuniya ta sauka rabi. Na ukun ya ɗan yi rawa. Na tsakiya bai motsa ba. Bawul ɗin da ko ƙuda ya sauka a kai zai nutse, Yaya, yatsan yana kwance a kansa kawai.

Ranar Litinin na tare malamar a waje na tambaye ta ko kwanakin nan ne suka cinye yatsan. Ta ce ba wanda zai iya ce mini e ko a'a. Mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma da ma zai tsaya. Na yi mata godiya, na koma na ci gaba da shanya.

A wannan la'asar ɗin da yatsan ya ƙi, Baba ya nuna akwatin, ya nuna hotonka da ke bango, ya yi da hannu can nesa. Na gane sarai: a aika wa yayanki, shi na koya wa, ni na gama. Na ce masa a'a. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Baba a'a ba, kuma da na faɗa ban ji komai ba, kamar wata ce ta ara bakina. Kwana takwas kullum da safe ina shiga da ƙahon, in zare bawul a gabansa, ɗigo uku-uku, in mayar, in miƙa masa. Kwana takwas yana juya mini ƙeya.

Yau da safe na gama shafa man, sai na tuna na bar buta a kan wuta. Na ajiye ƙahon a kan gado ta gefen damansa na nufi ƙofa. Sai na ji wani gurnani daga maƙogwaronsa. Na juyo, na ga a kan gefen da ɗan lanƙwasasshen bututun bawul na biyu yake na kwantar da shi, nauyin ƙahon duk a kansa. Kai ka fi ni sanin wannan laifi, ka sha ranƙwashi a kai kana yaro. Kofin shayi yana hannunsa na hagu. Ya dube ni, ya dubi ƙahon, ya sake dubana, wato zo ki gyara. Ban je ba. Ban san me ya tsayar da ni ba, na dai tsaya riƙe da labule. Sai na ga bargon yana motsi. Hannun daman ya fito, yana jan kansa a kan zanen gado kaɗan-kaɗan, gumi na tsatso masa a goshi. Tazarar ba ta fi taƙi ɗaya ba, amma ya daɗe a hanya. Da ya isa, yatsun nan da suka dunƙule suka buɗe da kansu, huɗun duka, har da na tsakiya, suka maƙale bututun, ya tura, ƙahon ya mirgina ya kwanta daidai. Sannan ya ɗago ya zabga mini hararar da rabona da ita tun yana da lafiya.

Ban yi kuka ba. Na je kicin na tarar ruwan ya ƙone a buta, sai na zauna a ƙasa. A nan ne na ji tsoro, na farko cikin wata huɗu, tsoro sosai, kuma na yi murna da zuwansa.

Saboda haka, Yaya, kada ka jira ƙahon nan. In Umma ta ce maka a waya Baba ya ce a aiko maka, ka ce mata ba ka da wurin ajiye shi. Yatsan bai danna bawul ba tukuna, ban kuma ce maka zai danna ba. Mako bakwai suka rage mana a lissafin malamar. Gobe da safe zan shafa masa mansa ɗigo uku-uku, in sake kwantar da shi a kan gefen da ba daidai ba, in ɗan ƙara matsar da shi nesa.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata maganin shafawar da ta aiko wa Umma ya iso. Ka gaida mai sunan Baba, da 'yan biyu, da Auta da ban taɓa ɗauka a hannuna ba. Umma tana gaishe ku, Gwaggo ma ta bar sallahun gaisuwa kafin ta tafi. Ka sa Baba a addu'a, ni ma ka sa ni. Allah ya tsare mana kai a inda kake.

Wassalam.

Taka har kullum,
Ƙanwarka